Me Ya Kai Mutane Kan Duwatsun Mandara, Kuma Ina Arzikinsu Ya Tafi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne a Yola, aiki yakan kai ni Michika da Madagali. Duk sanda na ɗaga kai na hango gidaje maƙale a jikin dutse sai mamaki ya kama ni. Abin da aka gaya mana tun muna yara shi ne tsoron masu kama bayi ne ya kori kakanninsu can. To ai bauta ta ƙare tuntuni, me ya hana su saukowa gaba ɗaya? Kuma zaman dutsen ne ya jawo talaucin da ake gani a yankin, ko da wani dalili? Ɗalibaina sun tambaye ni, amsar da na ba su ni kaina ba ta gamsar da ni ba."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya yi wa ɗaliban nan albarka, don tambayar da suka yi maka masana tarihin yankin sun daɗe suna kai-kawo a kanta. In na fahimce ka, abu biyu kake nema: me ya kai mutane kan Duwatsun Mandara tun asali, sannan ko dutsen ne ya talauta su. Bari in ba ka amsar a dunƙule kafin in warware ta. Gudun bauta gaskiya ne, ya faru, kuma muninsa ya wuce yadda ake ba yara labari. Amma mutanen kan dutse sun gina arziki nasu na kansu, wanda ya ciyar da jama'a mai yawa, har ya riƙa sayar wa manyan dauloli abin da suke matuƙar buƙata. Talaucin da kake gani yau ya fi alaƙa da abin da ya biyo bayan zuwan Turawa, lokacin da hanya da kasuwa da mulki duk suka koma ƙasa suka bar dutse a baya.

Wurin da mutanensa

Duwatsun Mandara sun miƙe kusan kilomita 200 a kan iyakar Najeriya da Kamaru, daga wajen kogin Binuwai a kudu har zuwa Mora da Gwoza a arewa. Ƙololuwar da ta fi tsawo, Upay, tana ɓangaren Kamaru, tsawonta mita 1,494. Tsawon bai kai a yi ta ba da labari ba. Abin da ya bambanta wurin shi ne gangara mai tsauri da manyan duwatsu jibge a kan juna, inda doki ba shi da ta cewa. Ruwan sama kuma ya fi sauka a nan fiye da filayen da ke arewa da shi.

Ƙabilun suna da yawa ƙwarai: Mafa, Mofu, Podoko da Kapsiki a ɓangaren Kamaru, sai Kamwe da ake kira Higi, Margi, Sukur, Glavda, Guduf, Dghweɗe da Lamang a namu ɓangaren. Galibin harsunansu 'yan gidan Cadi ne, wato dangi ɗaya suke da Hausa ko da yake nesa ta shiga tsakani. Ka gaya wa ɗalibanka wannan, domin Bahaushe yakan ɗauki mutumin dutse a matsayin bare na nesa, alhali Kano kanta a gindin Dala ta tashi, wurin da aka sami alamun narkar da tama tun ƙarnoni kafin a gina ganuwa.

Batun gudun bauta

A gindin duwatsun ta arewa akwai daular Wandala, wadda aka fi sani da Mandara. Babban birninta ya tashi daga Kirawa zuwa Dulo, daga baya Mora, kuma sarakunanta sun karɓi Musulunci a farkon ƙarni na 18. Arzikinta ya tsaya ne a kan ƙarfe da bayi, tana tura su Borno tana sayen dawakai. Bayan jihadin Modibbo Adama daga 1809, sarakunan Fulani suka kafu a Madagali, Mubi, Marwa da sauran garuruwan da suka kewaye dutsen. Sannan a shekarun 1890 rundunar Rabe ta zo ta yi tata ɓarnar. Ka ga kenan dutsen ya zama a tsakiyar masu dawakai ta ko'ina.

Shaida mafi ƙarfi ta fito daga bakin mai aikin kansa. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya sa an riƙa rubuta masa abin da yake yi kullum da Larabci, daga 1912 zuwa 1927. A ciki yana lissafa hare-haren da ya tura kan ƙauyukan dutse, har da Sukur, da yawan mutanen da aka kamo, da shanun da aka koro, a layi ɗaya da cinikin doki ko kyautar da ya yi wa wani. Waɗanda aka kamo sun haura dubu. Lura da shekarun, Malam: wannan ya faru ne Turawa suna ƙasar, Jamusawa da farko, sannan Faransawa da Ingilishi. Sai a 1927 aka tuɓe shi. Duk sanda na karanta wa ɗalibai wani yanki na rubutun nan aji yakan yi tsit, kuma ba na sassauta musu: zalunci ne, da sunan addini aka yi shi ko da sunan sarauta. A ƙauyukan da na zauna da dattawa har yanzu sunansa ne ma'aunin zamani, ana cewa abu kaza ya faru kafin Hamman Yaji ko bayansa.

To amma in ka ce tsoro kaɗai ya kai mutane can, abubuwa da dama ba za su zauna ba. Kusa da Upay akwai wasu gine-ginen dutse da aka jera ba tare da laka ba, masu dandamali da matakala da lunguna, waɗanda Mafa ke kira Diy-Gid-Biy. Masu haƙar kayan tarihi sun nuna galibinsu an yi su ne a wajen ƙarni na 15, ɗaruruwan shekaru kafin Hamman Yaji da jihadi, kuma UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2025. Wanda ke gudun ceton rai ba ya tsayawa ya yi irin wannan gini. Tarihin baka na zuriyoyi da yawa ma ba hari yake ambata ba. Wasu fari ne ya koro su daga fili, wasu rikicin gado, wasu neman ƙasar noma, kuma sukan ce sun tarar da wasu a wurin.

Alaƙar dutse da fili kuma ba gaba ce zalla ba. A shekara guda za a iya kai wa ƙauye hari, a kuma ci kasuwa da maƙwabcinsa. Akwai ƙauyukan da suka riƙa kai gaisuwa don a bar su, akwai kuma lokutan yunwa da mutanen dutse da kansu suka sayar da na wani ƙauye, wani lokaci har da yaran gida, don samun hatsi. Wannan ɓangaren ba shi da daɗin faɗa, amma in an ɓoye shi tarihin ya zama tatsuniya.

Gonar da aka gina da hannu

A nan nake so ka dakata da ɗalibanka, don nan ne amsar take. Gangaren dutse ba gona ba ne sai an mai da shi gona. Abin da suka yi shi ne jera ƙananan katangu na dutse a kwance, bi da bi daga gindi har sama, kowace katanga ta tare ƙasa a bayanta, sai gangaren ya zama matakala. Wata matakalar faɗinta bai wuce taku biyu ba. In ruwa ya sauka, maimakon ya kwashe ƙasa ya gangara da ita, sai ya tsaya ya nutse.

Na sha tsayawa ina kallon gyaran katangun nan gab da faɗuwar damina. Magidanci zai bi gonarsa layi-layi, duk inda dutse ya zame ya ɗauko shi ya juya shi a hannu har ya sami fuskar da za ta zauna, ya cusa ƙanana a ƙarƙashi su riƙe shi. Matarsa da yara suna kwasar ƙasar da ta zubo a kwando suna mayar da ita sama. Daga gida kuma ana ta sauko da taki da toka a ka. Aikin kamar yaɓen gidan ƙasa ne, shekarar da aka tsallake shi damina za ta nuna.

Takin ma da dabara ake samun sa. Awaki da tumaki a ɗaure suke duk damina, a yanko musu ciyawa a kawo. Mafa da Mofu kuma suna ajiye sa guda a cikin wani ɗan ɗaki mai zurfi a tsakar gida, ba ya fita kiwo shekara biyu ko uku, ana ciyar da shi yana tara taki, har ranar bikin maray da ake fito da shi a yanka. Sau da yawa sai an fasa bango kafin ya iya fita. Mai kallo daga waje biki kawai zai gani, amma wannan sa shi ne ajiyar gidan, shi ne kuma takin gonar.

A ƙasar Mafa dutse guda gaba ɗaya yakan shuka dawa bana, baɗi kowa ya koma gero da wake. Ba zaɓin mutum ɗaya ba ne, al'umma ce ke tafiya tare, kuma hakan yana karya lagon ƙuduji da ƙwarin da ke bin dawa. A tsakanin hatsin akwai riɗi, kuɓewa, yakuwa, gujjiya, aya da tamba. Itatuwan da aka bari ma zaɓaɓɓu ne: gawo don ganyensa yana gyara ƙasa, magarya don sandunan rufi, maɗaci don mai, tsamiya don kunu. Da wannan tsari wasu sassan arewacin duwatsun suka ɗauki mutum fiye da 100 a kowace murabba'in kilomita, wasu wuraren har ninkin haka, ba takin zamani, ba garmar shanu, kuma ba a barin gona ta huta. Filayen da ke kewaye, masu sarakuna da dawakai, ba su kai wannan cikar ba.

Ba na cewa rayuwar jin daɗi ce. Wahala ce mai cin jiki, ruwan sha yana wuya da rani, kuma in fara ta sauka, kamar yadda ta yi a farkon shekarun 1930, yunwa takan kashe mutane. Abin da nake cewa shi ne ilimi ne aka tara, aka kuma gada.

Ƙarfen Sukur

Sukur tana cikin ƙaramar hukumar Madagali, a kan hanyarka. A 1999 ta zama wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya, saboda fadar sarkinta da ake kira Hidi, da gonakin matakala, da hanyoyin da aka shimfiɗe da faffaɗan dutse tun daga ƙasa har sama. Tambayar da nakan yi wa ɗalibai ita ce: mutanen da ke ɓuya, me zai sa su shimfiɗa wa baƙo hanya har ƙofar gida? Amsar ita ce ƙarfe.

Bayan ruwa ya ɗauke, mata sukan bi ƙoramu suna tara wani baƙin yashi mai nauyi, su wanke shi su rairaye, shi ne tamar. Maza su ƙona gawayi. Murhun narkarwar na yankin daban yake da na ƙasar Hausa: mai zuga yana zama ne a sama, iskar zuga-zugan tana bi ta wani dogon bututun yumɓu da aka zura tsaye har cikin wutar, bakin bututun yana narkewa a hankali ana sare shi. A ƙabilun dutse da dama maƙera jinsi ne na daban, ba a auratayya da su, su ne masu binne gawa, matansu ne masu ginin tukwane. A Sukur kuwa narkar da tama ta zama aikin kusan kowane gida da rani, ƙira ce kawai aka bar wa maƙera. Ƙarfen ana mai da shi sanduna da ruwan fartanya, ana biyan dukiyar aure da shi, fatake kuma suna zuwa kasuwar mako daga Borno su saya. Hidi ne ke lamunce musu lafiyar hanya, yana samun rabonsa. Sukur takan sayi hatsi da kuɗin ƙarfe in nata bai isa ba. Manomin firgi (baƙar ƙasar laka) a Borno da ke dasa masakwa, wato dawar rani, da baraden da ke kai hari, duk da ƙarfen dutse suke aiki.

Yadda ciniki ya juya baya

Jamusawa sun iso a 1902, kuma da su da waɗanda suka gaje su duk sun zaɓi hanya mai sauƙi: suka sa mutanen dutse ƙarƙashin sarakunan fili, wato waɗanda jiya suke kai musu hari. Karɓar haraji a shekarun farko bai bambanta da samame ba sosai. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, bayan Jamusawan da aka yi wa ƙawanya a kan dutsen Mora sun miƙa wuya a Fabrairun 1916, Ingila da Faransa suka raba ƙasar, iyaka ta bi ta kan duwatsun ta raba dangi, Kapsiki a can, Kamwe a nan. Ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ta tabbatar da ɓangaren yamma a Najeriya, aka kira shi Lardin Sardauna, hedikwata a Mubi.

Abin da ya fi karya arzikin dutse bai zo da bindiga ba. Ƙarfen Turawa da tarkacen mota suka cika kasuwa, maƙeri ya ga ya fi masa sauƙi ya sayi guntun ƙarfe ya ƙera fartanya da ya jira a narkar da tama. Zuwa wajen 1960 murahun Sukur sun mutu. Abin da dutse ke sayar wa duniya ya ƙare cikin tsawon rayuwar mutum ɗaya, kuma ba a sami madadinsa ba. Haraji kuwa da kuɗi ake biya, kuɗi kuma yana wurin gyaɗa da auduga, su kuma a fili ake noma su da garmar shanu, wadda ba ta juyawa a matakala mai taku biyu. Titin mota ya bi gindin dutse. Makaranta, asibiti, kotu, rijiyar burtsatse, duk nan aka kai su.

Gwamnatoci ma sun matsa. A ɓangarenmu an yi shirin sauko da mutanen duwatsun Gwoza a shekarun 1950. A Kamaru, farkon shekarun 1960, hukuma ta tilasta wa ƙauyuka da dama na wajen Mora saukowa, daga baya kuma aka riƙa kwasar iyalai zuwa kwarin Binuwai don noman auduga. Da yawa sun sauko sun tarar ƙasar gindin dutse tana da masu ita, suka koma masu aro ko haya, ko 'yan ƙodago.

Me ya hana sauran saukowa

Da farko, yawancinsu sun sauko. Je ka kasuwannin Mubi, Yola, Maiduguri, Marwa da Garwa ka ga 'yan kasuwar Michika, ka ga ma'aikata da sojoji da malamai 'yan Gwoza da Madagali. Wanda ya rage a sama yana da lissafinsa. A can gonar tasa ce, ta gado, ba mai karɓar galla a hannunsa. Kaburburan iyayensa da wuraren al'adarsa suna nan. Sauro bai kai na fadama ba. Gidaje da yawa kuma ƙafa biyu suke da ita: tsofaffi da mata a sama, samari suna cin rani a birni ko suna noma wata gona a fili.

Sai dai wannan rabuwar ita ce ke cin dutsen. Noman matakala hannu yake so, kuma hannun da ya fi ƙarfi shi ne ya tafi. Katanga ɗaya in ta faɗi a sama ba a gyara ba, ruwan da ya ɓalle ta nan zai rushe na ƙasa da ita, har gonar maƙwabcin da bai yi sakaci ba. Ƙasar da aka tara cikin ɗaruruwan shekaru tana iya zubewa cikin damina kaɗan. Saboda haka in ɗalibi ya ce dutse ne ya kawo talauci, ka ce masa dutsen yana nan yadda yake a lokacin da fataken Borno ke hawa sayen ƙarfe. Wahalar wurin gaskiya ce, tana tsadar da titi da bututun ruwa, amma wanda ya yanke shawarar inda za a kashe kuɗin gwamnati mutum ne.

Sannan ga masifar da muka gani da idonmu. A Agustan 2014 Boko Haram ta kama Gwoza, a Oktoba ta shiga Mubi, a Disamba ta kai hari Sukur ta ƙona gidaje. Sojoji sun karɓe Gwoza a Maris na 2015, amma duwatsun da suka ɓoye kakanni daga mahara sun zama maɓoyar maharan. Ƙauyukan Dghweɗe, Guduf da Glavda da dama sun watse, mutanensu suna Pulka, Maiduguri, Yola, Abuja, ko sansanin Minawawo kusa da Mokolo a Kamaru. A ganina duk shirin mayar da su gida da ya tsaya a kan gina ɗakuna a gari, bai tanadi tsaro a kan dutse da taimakon sake ɗaga katangun gona ba, ya mayar da manoma masu jiran rabon abinci ne kawai.

Iyakar wannan amsa

Aikina ya fi karkata ga arewacin duwatsun, daga Michika zuwa Gwoza da abin da ke fuskantarsu a Kamaru, don haka kada ka shimfiɗa wannan bayani a kan kowane dutse. Tarihin Jos kuza ce ta juya shi, ta jawo Hausawa da wasu dubbai zuwa haƙa tun farkon ƙarni na 20. Na Mambila ya ta'allaƙa da shanu da rikicin makiyaya da manoma. Na Azbin a Nijar raƙumi ne da ayarin gishirin Bilma. Ka kuma riƙa tuna cewa kusan duk abin da aka rubuta kan Mandara kafin 'yancin kai, sarakunan fili ne ko Turawa suka rubuta shi, mutanen dutse ba su riƙe alƙalamin ba. Tarihin baka yana cike giɓin, amma yakan haɗe zamani da zamani, kuma kowace zuriya tana gyara nata don kare haƙƙinta a kan ƙasa.

Tunda aiki yana kai ka Madagali da Michika, kana da damar da yawancin masu bincike ba su da ita. Waɗanda suka ga narkar da tama da idonsu suna yara yanzu sun haura saba'in, da yawa kuma suna zaman gudun hijira a cikin gari, wataƙila ma a unguwarku a Yola. Cikin ɗalibanka ba za a rasa jikokinsu ba. Ka ba su aikin hutu: kowa ya zauna da kakansa ko kakarsa da wayar hannu, ya nemi izini ya ɗauki murya da harshen gida, ya tambayi sunan kowace gona, wa ya gina katangarta, me ake shukawa a wace shekara, wace kasuwa ake ci, da me ake biya, kuma wace shekara gidan ya sauko da dalilin saukowar. A rubuta sunan ƙauye da ranar da aka yi hirar, a ajiye kwafi a makaranta, a ba iyalin nasu.